Jirgin Ruwan da Saude Ta Nema a Guangzhou

Daga Gwammaja zuwa Legas

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, wata Talata a tsakiyar damina, shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. An kwana ana ruwa, lungunmu na Gwammaja ya zama taɓo, mota ba ta iya shigowa ba. A kan kujerar roba muka ɗauko matata Saude, ni da ƙanena, har bakin titi. 'Ya'yanmu mata uku suna biye da mu da tocila, babbar tana riƙe da takalman uwarta. Saude ta hana kowa kuka. Da aka kwantar da ita a bayan mota ta leƙo ta taga ta ce su koma su yi salla, kada su makara makaranta.

Ni ɗan kasuwar Wambai ne, takalma nake sayarwa, kuma na sha zuwa Guangzhou sarin kaya. Wannan karon ba sari ya kai ni ba. Saude ta fi shekara tana fama da ciwo a gefen cikinta na dama. An yi mata maganin gyambon ciki, an yi na shawara, an sha saiwoyi iri-iri, kafin wani likita ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma abin da zai iya yi mata a Kano ya ƙare. A kasuwa aka ba ni labarin wani asibiti a Guangzhou da ake kai masu irin wannan ciwo. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Biza ce ta fara nuna mini cewa tafiyar nan ba irin waɗanda na saba ba ce. A da ta shekara ake buga mini, in shiga in fita yadda na ga dama. Wannan karon ta wata ɗaya aka ba mu, shiga ɗaya, bayan an gama wahalar da ni da neman takardar asibiti da tikitin dawowa. Aka ce saboda wasannin ne aka tsaurara.

Jirgin safe muka bi zuwa Legas, a filin jirgi muka yini, Saude a kwance kan benci ta yi matashi da jakata. Wani jami'in kwastan ya buɗe kayanmu ya ga kuka da daddawa da garin kunu da ta ƙulla, ya fara tambayoyi. Da ya ɗaga kai ya ga yadda idanunta suka koma ruwan ɗorawa, sai ya zuge jakar da kansa ya ce mu wuce.

Addis Ababa da Bangkok

A Addis Ababa muka sauya jirgi. Garin da sanyi, na cire babbar rigata na lulluɓa mata. Jirgin China cike yake da 'yan kasuwa, wasu ma na san su, kowa da lissafin kayan da zai saro. Suka zo suka gaishe ta, suka yi mata sannu, sannan suka koma hirar farashin kwantena. Ban ga laifinsu ba, ni ma a tafiyata ta baya haka nake. An tsaya a Bangkok ba a sauke mu ba, ana sharar jirgi muna zaune. Duk tsawon tafiyar ruwan shayi kawai ta iya sha.

Xiaobei

Mun sauka Guangzhou da rana. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙe mutum yake yi kamar an rufe shi a tukunyar dambu. A wajen duba fasfo aka ware mu gefe, wata ma'aikaciyar lafiya ta gwada zafin jikin Saude, aka juya takardar asibiti gaba da baya, aka yi waya, sannan aka buga mana hatimi.

Alhaji Bala ne ya tarye mu. Mutumin Fagge ne, ya daɗe a can yana aikin kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, shi yake loda mini kaya duk zuwan da na yi. Muka fara neman masauki a titin Huanshi. Otal ɗin da na saba sauka, mai shi da yake ce mini abokina, yana ganin koren fasfo ya girgiza hannu ya ce meyo, wato babu. Na biyu meyo, na uku ma haka. Ɗakuna kuwa suna nan, umarni aka ba su. A ƙarshe Alhaji Bala ya ce bai ga amfanin yawo da mara lafiya ba, ya kai mu gidansa a wani dogon bene a Xiaobei, ya ba mu ɗakin da yake tara samfurin kaya. Washegari ya raka ni ofishin 'yan sanda muka yi rajistar zama.

Xiaobei da na sani unguwa ce da ba a jin maganar mutum saboda hayaniya, Hausa da Bambara da Larabci da Faransanci duk a cakuɗe. Wannan karon ta yi tsit. 'Yan sanda a gindin gadar masu tafiya a ƙasa suna tare duk baƙar fata suna neman fasfo. Shaguna da yawa a rufe. Wata Bahaushiyar Kumasi, Hajiya Meri, tana dafa tuwon shinkafa a gidanta a hawan da ke ƙasa da mu, ita ce take hauro wa Saude da miyar kuka mai ruwa-ruwa, ta zauna ta taya ta hira. Idan Saude ta ci loma uku, ranar mun yi sa'a.

Asibiti

Asibitin yana ƙetaren kogi, tafiyar kusan rabin awa a tasi idan babu cunkoso. Alhaji Bala ya haɗa mu da Fassuma, wata 'yar Damagaram da ke shekararta ta ƙarshe a karatun likita, ita ce ta zama bakinmu da kunnenmu. Tanti take ce wa Saude, ni kuma Tonton, wato gwaggo da kawu a bakin 'yan Damagaram. An ɗebi jini, an saka ta a na'urori, an yi kwanaki ana kai mu ana dawo da mu.

Ranar da sakamako ya fito, likitan ya sa aka bar Saude a ɗaki ya kira mu ni da Fassuma. Ya daɗe yana bayani yana nuna hoto da biro. Da ya gama Fassuma ba ta juyo ba, ta ci gaba da kallon hoton. Sai da na ce ta faɗa mini ko mene ne, ni Musulmi ne.

Ta ce, "Tonton, ciwon ya kai huhu. Lokotoro ya ce ba a warkewa. Akwai magani da ake turawa ta jijiya zuwa hantar, sau uku ko huɗu cikin wata huɗu. In Allah ya sa ta karɓa, zai ja mata lokaci."

Na tambaya lokaci kamar nawa. Likitan ya buɗe tafin hannuwansa biyu, ya ce wataƙila watanni, amma babu wanda ya sani.

Na ce a fara. Aka yi na farko. Kwana da kwanaki tana amai, ko ruwa ba ya zama. Abin da na gaya mata shi ne likitoci sun ce sai an yi haƙuri, maganin a hankali yake aiki. Ta ce Allah ya sa, ba ta ƙara tambayata komai ba.

Ofishin biza

Magani na wata huɗu, biza ta wata ɗaya, kuma rabinta ya riga ya tafi. Na ɗauki takardar likita muka tafi ofishin shige da fice da Fassuma tun da sassafe. Layi har waje, kusan duk mutanenmu ne. Matar da muka samu a taga ba ta yi mana wulaƙanci ba. Ta karanta takardar har ƙarshe, ta shiga ciki ta nuna wa na gaba da ita, ta dawo ta ce ba a ƙara wa kowa sai bayan wasanni. Na ce to mu fita Macau ko Hong Kong mu sake shigowa, kamar yadda ake yi da. Ta ce an rufe wannan ƙofar, sai dai mu koma ƙasarmu mu nemi sabuwa. Na sa Fassuma ta gaya mata cewa matar nan ba za ta iya zuwa Najeriya ta dawo ba. Ta sunkuyar da kai ta turo mini fasfunanmu ta ƙarƙashin gilashi.

Da yamma Alhaji Bala ya zaunar da ni a falonsa. Ya ce mutane da yawa bizarsu ta ƙare suna nan zaune. Yana da wani ɗaki a wajen gari, wajen Foshan, inda bincike bai yi tsanani ba. Mu koma can mu lafe, ranar magani a ɗauko ta a mota mai duhun gilashi, idan an gama a je a biya tara a fita. Ya ce akwai haɗari, idan aka kama ni tsare ni za a yi, amma shi bai ga wata hanya ba. Na ce na yarda. Na roƙe shi kada a gaya wa Saude sai ranar tashi.

Duk zuwa asibiti sai mun hau wata doguwar gada. Wata rana muna dawowa da la'asar sakaliya, Saude ta ɗago daga kafaɗar Fassuma ta ga wasu jirage masu hawa biyu da uku a ɗaure a bakin ruwa, an yi musu ado da fitilu. Ta tambaya na mene ne. Fassuma ta ce na yawon buɗe ido ne, ana shiga da yamma a zaga da mutum ya ga gari. Saude ta tambaye ni ko na taɓa shiga, na ce a'a. Ta yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta ce ashe duk zuwan da nake yi China babu abin da na sani sai kasuwar takalma ta Zhanxi da ɗakin kwana. Gaskiya ta faɗa.

Ta ce tana so a kai ta. Na ce sai ta ji sauƙi. Washegari ta sake faɗa, jibi ma haka. A zamanmu Saude ba mace ce mai naci a kan abu ba, don haka na ce to. Fassuma ta ce za ta raka mu, Saude ta ce ta yi zamanta ta yi karatu, mu biyu mun isa.

A kan kogi

Saura kwana kaɗan bizarmu ta ƙare muka je. Fassuma ta yi wa direban tasi bayani ta waya, ya sauke mu a tashar jiragen ruwa ta Tianzi ana dab da magariba. Saude ta saka leshinta ruwan toka wanda ta ɗinka don bikin ƙanwarta, ya yi mata yawa har sai da ta naɗe hannun.

A ƙofa akwai na'urar binciken jaka irin ta filin jirgi. Mai gadi ya ciro gorar zamzam ɗin da take kurɓa, ya nuna mini da hannu in sha a gabansa. Na sha, ya mayar. Tikiti iri biyu ne, na hawan ƙasa da na sama inda babu rufi sosai. Kuɗin ba wani abu ba ne, na sama ma bai kai abin da nake sarin takalmi ƙafa biyu ba. Na yanki na sama, ban yi tunanin matakala ba.

Hawan ƙasa ɗaki ne mai gilashi da esi, an jera abinci a tsakiya ana ɗiba. Ƙaurin mai da naman da ba namu ba ya cika wurin, gilasan kuma sun yi raɓa, ba a ganin komai sai hasken fitilu a dame. Muna shiga Saude ta toshe hanci da mayafi. Matakalar hawa sama kuwa ƙarfe ce, siririya, a miƙe kamar tsani. Ta taka biyu ta tsaya tana haki, mutane sun taru a bayanmu. Na duƙa na ce ta hau bayana.

Ta ce, "Alhaji, a gaban mutane?"

Na ce, "Babu wanda ya san mu a nan."

Na goya ta na hau. Na sha ɗaukar kwalin takalma da ya fi ta nauyi. Duk bayanin da likita ya yi da hoto da biro bai shige ni ba kamar yadda rashin nauyin nan ya shige ni a kan matakalar.

A sama kujerun roba ne a jere, duk an cika na bakin ƙarfe. Wata tsohuwa 'yar China ta dubi Saude, ta tashi ta ja jikanta, ta nuna mana wurinsu. Wasu samari kuma suka juyo da kyamara suna ɗaukarmu ba ko sallama. Da a kasuwa ne da na yi magana. Na gyara zama na kare ta da jikina.

Jirgi ya tashi. Abin da ake gani shi ne wannan: dogayen gine-gine hagu da dama an zagaye su da fitilu masu sauya launi, wasu da zoben wasannin nan guda biyar a jikinsu. Gadoji suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kalar wutarta, idan an shiga ƙarƙashinsu a ji motoci suna gudu a kan mutum. Akwai wani yanki mai tsofaffin gidajen Turawa da manyan bishiyoyi. Can gaba akwai wata hasumiya da ake kan ginawa, ta yi tsawo har wuya ya gaji, injinan ɗaga kaya a kanta. Ruwan kansa baƙi ne, yana ɗauke da robobi da ganye, idan iska ta juyo yana da ɗan wari. Lasifika a saman kanmu tana ta zuba bayani da Sinanci da ƙarfi, ba mu tsinci ko kalma ba.

Saude ta yi kallo na ɗan lokaci, tana nuna mini wannan da wancan. Sannan ta jingina, ta ce in matso da kunnena saboda ƙarar lasifika.

Ta ce ta ji maganarmu da Alhaji Bala, bangon ɗakin katako ne. Ta ce tun ranar da Fassuma ta fito daga wurin likita ta kasa haɗa ido da ita ta san abin da ake ciki. Na fara cewa ba haka ba ne, ta ɗora hannunta a kan gwiwata.

"Ka bari in gama. A gida idan na ɗauko magana sai ka ce za ka masallaci. A asibiti ga Fassuma. Nan babu mai jin Hausa, kuma babu inda za ka tashi ka tafi."

Sai a lokacin na gane abin da ya kawo mu kogin.

Ta ce Hajiya Meri ta ba ta labarin wani ɗan kasuwa, mutumin Mali, da ya rasu a garin tun kafin mu zo. Bizarsa ta ƙare, takardunsa ba su cika ba, har yanzu gawarsa tana cikin firjin asibiti, 'yan uwansa suna ta bin ofisoshi. An ce ba a barin a binne baƙo a nan, kuma idan aka gaji da ajiya ƙonawa ake yi. Ban san iyakar gaskiyar maganar ba, amma ni ma na ji ana yinta a masallaci.

Ta ce, "Mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar firjin nan. Ka mayar da ni gida tun ina iya taka ƙafata."

Na ce likita ya ce maganin zai iya ƙara mata watanni, wataƙila ma shekara, Allah ne mai yi. Na ce yaran suna buƙatarta ko da na kwana ɗaya ne. Na faɗi duk abin da ya zo bakina.

Ta ce, "Watannin a ina zan yi su? A ɗakin da ba a buɗe labule don tsoron 'yan sanda? Idan aka kama ka a hanya, wa zai juya ni? Yaran da kake faɗa, a waya za su ji ni ko a gabansu?"

Muna shiga ƙarƙashin wata gada mai jan haske ta ce in yi mata alkawari. Na kafa wa ruwa ido har muka fito ta ɗaya gefen. Ta sake cewa, "Alhaji." Na ce na yi.

Ba a jima ba hadari ya taso, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Mutane suka ruga ƙasa. Ban iya saukowa da ita a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ba, sai na ja kujerarta ƙarƙashin wata 'yar rumfa a bayan ɗakin matuƙi. Jirgin ya juya, ya fara tangaɗi, amai ya taso mata. Na riƙe mata leda, na goge mata baki da hular kaina. Duk dawowar idonta a rufe yake, kanta a ƙirjina, feshin ruwa yana dukan ƙafafunmu. Ni kaɗai na ga sauran fitilun, kuma ban ga komai a cikinsu ba.

Da aka tsaya sai da kowa ya fita, sannan ma'aikata biyu suka taimaka mini muka sauko da ita a kan kujerar.

Tun da na dawo, 'yan kasuwa masu shirin tafiya sukan tambaye ni ko shiga jirgin nan ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa. Abin da zan iya faɗa shi ne, idan kana da lafiya kuma ka gama sarinka, ka je, awa ɗaya da 'yan mintuna ne, za ka ga wuta da gini. Ka yanki tikitin sama, ka ci abincinka kafin ka je, ka duba sama ko akwai hadari. Idan ba ka je ba kuma babu abin da ka rasa, wutar lantarki ce a kan ruwa mai datti. Wanda yake da nauyi a zuciya kada ya yi zaton kogin zai rage masa. Ni da ƙafata na shiga ina da sauran fata, na fito babu.

Hanyar gida

Alhaji Bala bai ji daɗi ba da na gaya masa. Ya ce in sake lallashinta, na ce na riga na yi alkawari. Likitan ya rubuta mata magungunan rage zafi, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi wata magana, Fassuma ta ce cewa ya yi shi ma da mahaifiyarsa ce gida zai kai ta. Fassuma ta zo sallama da daddare ta kawo mata man shafawa, suka rufe ƙofa su biyu, na ji kukan ɗaya daga cikinsu, ban san ko wacece ba.

Saura fargaba ɗaya. An gaya mini idan ma'aikatan jirgi suka ga mara lafiya ya yi nisa, suna iya hana shi hawa. Ranar tafiya Saude ta sha maganinta tun a mota, ta saka baƙin tabarau, ta ce kada in karɓi keken marasa lafiya. Da ƙafarta ta taka daga ƙofar filin jirgi har wurin awon kaya, ta tsaya a miƙe ana duba fasfo, har da yi wa ma'aikaciyar murmushi. Hannunta yana cikin nawa. Sai da muka zauna a kujerunmu aka rufe ƙofar jirgi ta saki jiki, zufa ta jiƙe mayafinta.

A Addis Ababa na karɓi keken. A Legas ma haka. Ba na tuna abin da muka ci ko wanda muka gani a hanya. Abin da na riƙa yi kawai shi ne kallon ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, ina roƙon Allah ya kai mu.

Kano

Mun sauka Kano da yamma, ƙanena yana jiranmu. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, lungu ya bushe, mota ta shiga har ƙofar gida. Yaran suka fito da gudu, da suka gan ta suka tsaya cak. Ita ce ta buɗe musu hannu.

Kwanakin da suka biyo baya gidan bai rabu da 'yan dubiya ba. Ina zaune a tsakar gida nakan ji ta a ɗaki tana ba matan da suka zo labarin China, kuma ba ta taɓa ambaton asibiti ko ofishin biza ba. Labarin jirgin ruwa take bayarwa. Ta ce musu gari ne da dare yake komawa rana, gadoji suna sauya kaya kamar amare, ruwa yana ɗaukar hasken yana rawa da shi. Ta ce Alhaji ya yankar mata tikitin bene na sama, inda manya suke zama. Wani lokaci takan ɗaga murya ta ce, "Ko ba haka ba, Alhaji?" In ce haka ne. Ni na san abin da ta gani bai wuce na rubu'in awa ba.

Ta rasu a goman ƙarshe na azumin shekarar, da hantsi, a kan gadonta, 'ya'yanta uku da mahaifiyarta suna kanta. Yayarta da maƙwabciyarmu suka yi mata wanka a ɗakinta. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta.

Har yau idan na kwanta nakan yi lissafin watannin da likitan ya ce wataƙila, in rasa inda zan ajiye su. Ban sake komawa Guangzhou ba, ƙanena ne yake zuwa sari yanzu.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu tare. Ina gode wa Alhaji Bala da iyalinsa da suka ba mu ɗaki lokacin da otal suka ƙi mu, da Hajiya Meri, da Fassuma wadda na ji ta gama karatu ta koma Damagaram tana aiki, da tsohuwar nan da ta tashi ta ba matata kujera, wadda ban san sunanta ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Saude addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara.